Lebante da Poniyente: Iskoki Biyu na Gaɓar Tarifa

A Tarifa da ke kudancin Sifaniya, inda kilomita 14 kacal suka raba Turai da Maroko, masu sulu a teku kan allo mai filafili suna dogara ne da iskoki biyu. Lebante daga gabas take busowa, kuma da yake mashigar Jibralta, wato siririn tekun nan da ke tsakanin Sifaniya da Maroko, tana matse ta, takan iso da ƙarfi, tana fizga ba zato, sannan a bakin ruwan Los Lances da ke gefen garin Tarifa tana tura mutum nesa da tudu, abin da ke jefa wanda filafilinsa ya karye cikin haɗari. Poniyente kuwa daga Tekun Atilantika take zuwa a natse, da igiyar ruwa, tana mayar da mutum gaɓa. A ganina, sabon shiga ya jira Poniyente.