Wace manhaja ce ta dace da mai shirya wa'azi a Kano?

Mai wa'azi a Kano, ko a Sabon Gari yake hidima ko a wata ƙaramar majami'ar Hausa a bayan gari, yawanci daren Asabar yake samun zama ya haɗa wa'azinsa, kuma sau da yawa lokacin ne ake ɗauke wuta, data ma ta ƙare. Shi ya sa da abu biyu nake auna kowace manhaja: tana da nassi da Hausa? Tana buɗewa in babu intanet?

A fara da YouVersion, wadda wata ikkilisiya a jihar Oklahoma ta Amurka ta fitar a 2008. Kyauta ce, tana da Littafi Mai Tsarki da Hausa, har da fassarar Sabon Rai Don Kowa. Sauke fassarar a waya tun kana da data. Sai dai a kula: tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, an kuma yi wasu fassarori bayansa, don haka abin da ke wayarka ba lalle ya zama shi ne a hannun jama'a ba. Za ka ga wata baba 'yar zumuntar mata ta ɗora yatsa kan aya tana bi, kai kana karanta wani abu dabam, sai ta ɗago kai tana duban ta kusa da ita. Yi nazari da duk fassarar da ka ga dama, amma a kan bagade karanta wadda ikkilisiyarka ta saba da ita.

YouVersion ta karatu ce, ba ta zurfafa bincike ba. Wanda ke son leƙa asalin kalma a Helenanci ko Ibrananci, Blue Letter Bible za ta yi masa, kyauta, amma yawancin kayanta sai da data. STEP Bible, wadda ta fito daga Tyndale House a Kambirij ta Ingila, an yi ta ne da tunanin fastocin da ba su da ɗakin karatu, kuma ana iya sauke ta a kwamfuta. Ni dai na fi son e-Sword ga mai kwamfutar Windows: ka sauke sau ɗaya, ƙamus da sharhi da wurin rubuta bayananka duk suna ciki, ba ruwanka da sabis. Mai Android kuwa ya duba AndBible ko MySword. Duk waɗannan da Turanci suke bayani, kuma sharhin da suke bayarwa kyauta galibi tsoho ne, irin na Matthew Henry da aka rubuta a Ingila fiye da shekara 300 da suka wuce. Akwai albarka a ciki, amma bai san zaman Kirista da maƙwabcinsa Musulmi a gidan haya ɗaya ba. Wannan kai ne za ka kawo shi.

Logos babu tamkarta wajen yawan littattafai, amma da dala ake biya, kuma tana son kwamfuta mai ƙarfi. Malamin makarantar tauhidi zai ci ribarta. Faston da albashinsa daga baikon Lahadi yake fitowa, ban ga dalilin da zai ci bashi a kanta ba.

Sai su ChatGPT. Suna taimakawa wajen tsara kan magana, amma sukan jingina magana ga ayar da ba ta faɗe ta ba, Hausarsu kuma ba ta coci ba ce. Kowace aya suka ba ka, buɗe ka gani da idonka. Abin da ya fi damuna shi ne mutum ya hau bagade da wa'azin da bai yi addu'a a kansa ba, bai kuma yi kokawa da nassin ba.

In kuɗinka kaɗan ne, kada ka kashe su kan manhaja. Je Farm Centre ko titin Beirut ka nemi waya mai wadataccen wurin ajiya da batir mai riƙe caji, ka haɗa da fawa-banki. In da sauran canji, laftof ta hannu ta ishi e-Sword, amma a gwada maka batirin a gabanka kafin ka biya.