Manhajar Gmail a waya: sai da na rufe mata baki sannan na ji daɗinta

Shekara ta shida ke nan da imel nake neman abin sawa a baki. Aikina fassara ne da gyaran rubutu, kuma kusan duk mai ba ni aiki ta imel yake turowa. Sau da yawa ba ni kaɗai ake turawa ba, mu uku ne ko huɗu, wanda ya riga amsawa shi ke ɗauka. Saboda haka wayata ita ce ofishina, manhajar Gmail da ta zo a cikinta tun daga kwali kuma ita ce mai gadin ƙofa. A kanta zan yi magana: yadda take sanar da mutum saƙo ya shigo, da yadda take taimaka masa ya mayar da amsa. Android nake riƙewa, mai iPhone zai tarar wasu abubuwan ba a inda na faɗa suke ba. In maki za a ba ta, bakwai cikin goma zan ba ta.

Adireshi uku nake da su a wayar: na aiki, na harkokin kaina, da wani tsoho da na buɗe tun ina ɗalibi, wanda babu shafin intanet ɗin da ban yi rajista da shi ba. Tun 2013 Gmail ta raba akwatin saƙo gida-gida, akwai babban gida, akwai na tallace-tallace, akwai na shafukan sada zumunta, kuma a yadda take zuwa, saƙon da ya faɗa babban gida ne kawai ke sa waya ƙara. Dabara ce mai kyau, ta rage hayaniya sosai. Sai dai rabon nan hasashe ne na'ura ke yi. Takardar shaidar biyan kuɗi, gayyatar taron da ba ruwana da shi, wasiƙar mako-mako da na manta ma yaushe na nema, duk sukan sulale su shigo babban gida. Ka ninka wannan sau uku. Waya ta yi ƙara, in zabura in ajiye abin da nake yi, in duba in ga ba komai. Kafin hankalina ya dawo kan jimlar da na bari a rabi, wata ƙarar ta sake zuwa.

Wata rana haushi ya ɗebe ni na kashe sanarwar gaba ɗaya. Kwana huɗu na yi cikin salama. A rana ta biyar wani aiki mai tsoka ya shigo da safe, ban gan shi ba sai bayan awa shida, ina amsawa aka ce mini an riga an bayar. Laifin ba na kowa ba ne sai nawa, ni na toshe kunnena. Gudun gara na faɗa gidan zago.

Daga nan na zauna na bi saitin manhajar ɗaya bayan ɗaya. Kowane adireshi yana da nasa saitin, kuma a wurin sanarwa zaɓi uku ne: a sanar da kai duka, ko masu muhimmanci kaɗai, ko kada a sanar da kai komai. Na tsakiyar ne ya fara jan hankalina, na yi mako uku da shi. Yadda take gane muhimmanci shi ne ta lura da waɗanda ka saba rubuta wa, da saƙonnin da kake buɗewa, da waɗanda kake amsawa. Ga ma'aikacin da kullum da mutum goma ɗin nan yake hulɗa, wannan ya wadatar, ba sai ya ƙara komai ba. Ni kuwa wanda na fi jira shi ne baƙo, mutumin da bai taɓa rubuto mini ba, kuma baƙo ba shi da tarihin da za a auna shi da shi. Wani lokaci ta dace, wani lokaci ta yi shiru. Ban iya jingina abincina da dace ba.

Abin da ya raba mini gardama shi ne filta da lakabi, kuma a nan ne manhajar ta fi burge ni, a nan ne kuma ta fi gajiyar da mutum.

Filta kamar rariya ce. Kai za ka faɗa mata cewa duk saƙon da ya fito daga adireshi kaza, ko wanda ke ɗauke da kalma kaza a kansa, a manna masa lakabi kaza. Na ƙirƙiri lakabi na sa masa suna “Aiki”, na zuba adiresoshin duk masu ba ni aiki, na ƙara wata filtar da ke kama kalmomin da masu neman mai fassara suka saba sawa a kan saƙo, don ta kama baƙi. Na kuma zaɓi cewa kada a taɓa jefa irin waɗannan saƙonni cikin akwatin tarkace, wato spam. Bayan haka sai a dawo waya, a shiga saitin adireshin, a je wurin sarrafa lakabobi, a taɓa lakabin. A nan mutane da yawa ke maƙalewa: sai ka fara ce wa manhajar ta riƙa janyo saƙonnin wannan lakabi zuwa waya, na kwana 30 ko duka, kafin ta ba ka damar kunna masa sanarwa. In ka kunna, ka zaɓar masa ƙararsa daban, sannan ka kashe ta babban gida. Wani tarko kuma: dole babban zaɓin sanarwa ya kasance a kan “duka”, domin in ka bar shi a kan masu muhimmanci kaɗai, zai danne saitin lakabin da ka sha wahalar yi.

Yanzu ƙara ɗaya tak wayata ke yi saboda imel, kuma in na ji ta na san kuɗi ne ke sallama. Sauran saƙonni suna nan suna jira, sau uku nake leƙa su a rana.

To amma ga inda aka rage mata maki. Ba a iya ƙirƙirar filta a cikin manhajar waya. Sai ka hau kwamfuta, ko ka buɗe burauzar waya ka tilasta mata ta nuna shafin irin na kwamfuta, rubutu ya koma ƙanana kamar tururuwa, kana zuƙowa kana matsawa da yatsa biyu. Abin da ya fi komai amfani wajen tafiyar da sanarwar waya, ba a waya ake haɗa shi ba. Mutane nawa ne duk imel ɗinsu a waya yake, ba su da kwamfutar ma? Haka zancen yake ga ajiyayyun amsoshi, waɗanda mutum kan rubuta sau ɗaya ya riƙa ɗaukowa: suna nan a kwamfuta, babu su a manhajar. Ni dai na zagaye ta bayan gida, na saka jimlolin da na fi maimaitawa cikin ƙamus na allon rubutun wayata, in na buga haruffa uku sai cikakkiyar jimla ta fito.

Akwai kuma abin da ba daga manhajar yake ba, daga wayar ne, amma ita ake zagi. Tun Android 8 da ya fito a 2017, kowace manhaja tana iya raba sanarwarta kashi-kashi, don haka a saitin wayar kanta za ka ga kowane adireshi da layinsa, ka sa wa wannan ƙara, wancan girgiza kawai, ka kuma bar wanda kake so ya tsallake yanayin nan na “kada a dame ni”. Daga Android 13 na 2022 kuwa, sai manhaja ta nemi izini kafin ta fara turo sanarwa. In ranar da ka sayi waya kana sauri ka danna “a'a”, duk saitin da za ka yi a cikin Gmail aikin banza ne. Yanayin tattalin batir ma yakan jinkirta isowar saƙo, haka in an kashe janyo saƙonni kai tsaye don a tsimi data. Wanda kuma ya ɗora adireshin imel na wani kamfanin daban a cikin manhajar, ya sani sau da yawa leƙawa take yi lokaci-lokaci, mafi kusa duk minti 15, ba kamar na Gmail da ke faɗowa nan take ba.

Wani shirun kuma ba na sanarwa ba ne sam. Lokacin da Gmail ta fito ranar 1 ga Afrilu 2004 da wurin ajiya na gigabait 1 kyauta, wasu sun ɗauka wasa ake. Yau gigabait 15 ne, amma tare ake cinsa da Google Drive da Google Photos. In hotuna suka cika shi, saƙo ba zai shigo ba balle waya ta yi ƙara. Mai karɓar manyan fayiloli irina ya riƙa dubawa.

Sai batun amsa.

Smart Reply, wato gajerun amsoshi uku da ke fitowa a ƙasan saƙo, ya fara ne a 2015 cikin Inbox, wata manhajar imel ta Google wadda aka rufe a 2019, ya shigo Gmail ta waya a 2017. Abin da na yaba shi ne in ka taɓa ɗaya ba ya tafiya nan take, yana shiga wurin rubutu ne ka gyara in kana so. Don cewa “na gani, na gode” ya isa. Ban da wannan ban ga amfaninsa ba. Amsoshin a bushe suke ƙayau, ba zan aika wa wanda ya girme ni ko wanda nake neman aiki a wurinsa kalma uku ba gaisuwa ba komai. Kuma sun cika son cewa “to”. Mutum ya tambaye ka ko za ka gama shafi arba'in zuwa jibi, ga “e, zan iya” tana ƙyalli a ƙarƙashin yatsanka tun ba ka buɗe fayil ɗin ba. In saƙon da Hausa aka rubuto kuwa, ni dai ban taɓa ganin ya kawo shawarar komai ba. Na kashe shi a adireshin aiki.

Kuskuren da har yau nake jin kunyarsa na “amsa wa kowa” ne. Akwai wurin da ake zaɓar wace amsa ce za ta zama ta farko a hannu, ta mai saƙo kaɗai ko ta duk wanda aka haɗa. Ni da kaina na mayar da shi kan kowa lokacin wani aikin haɗin gwiwa, na manta ban dawo da shi ba. Sai ga shi na aika farashina ga mai aiki tare da sauran masu fassara uku da muke takara. Maɓallin janye saƙo yana fitowa bayan an aika, amma 'yan daƙiƙu ne kawai, a kwamfuta ma iyakarsa daƙiƙa 30. Ni kuwa sai da na kai kofin shayi baki na tuna. Tun ranar na kunna tambayar nan da ke fitowa kafin saƙo ya tafi. Tana ɓata daƙiƙa ɗaya, na yafe.

Abin da na fi so a duk manhajar shi ne ɗage saƙo, wanda ya zo a 2018. Saƙo ya shigo kana tsakiyar wani abu, ba za ka iya amsawa yanzu ba, in kuma ka buɗe ka bari zai nutse ƙarƙashin sababbi. Sai ka ɗage shi zuwa ƙarfe huɗu ko gobe da safe, ya ɓace, lokacin na cika ya dawo saman akwati. Na saita jan yatsa zuwa dama ya zama ɗagewa, zuwa hagu ya zama kaiwa ma'ajiya. Ma'ajiya ba shara ba ce, saƙon yana nan, in an nema za a samu, in wani ya amsa ma zai dawo da kansa. Na kwandon shara kuwa bayan kwana 30 ya tafi ke nan. Shi ya sa maɓallin da ke jikin sanarwa na bar shi a kan ma'ajiya, ban mayar da shi na gogewa ba, don hannu yakan riga ido.

Ɗan'uwan ɗagewa shi ne tsara lokacin aikawa, na 2019. Ni mai aikin dare ne, amma na lura in ka amsa wa mutum ƙarfe ɗayan dare sau biyu, ya ɗauka ke nan kullum a farke kake. Yanzu ina rubutawa da dare in ce ya tafi ƙarfe takwas na safe. Tunatarwar nan ta “kwana uku ke nan ba ka amsa ba” takan yi rana jefi-jefi. Zaren saƙonnin da aka haɗa mutum ashirin kowa na cewa ya gode, akwai maɓallin sa masa shiru. Amsar tafiya kuma, wadda ke fita da kanta ta shaida wa mai rubuto maka cewa ba ka nan, ana kunna ta daga waya, ba ta sake zuwa wa mutum ɗaya sai bayan kwana huɗu, kuma ana iya taƙaita ta ga waɗanda ke cikin jerin mutanenka, abin da nake ba kowa shawara, don ba kowa ne ya kamata ya san ba ka nan ba.

Shekaranjiya wata sabuwar mai aiki ta rubuto, kan saƙonta bai ɗauki ko ɗaya daga kalmomin da na saka a filta ba, wayar ta yi shiru. Leƙen rana ne ya nuna mini shi, na amsa, Allah ya sa ba a riga ni ba. Adireshinta yana nan na rubuta a 'yar takarda na soke a bayan rigar wayar, sai na zauna gaban kwamfuta zan saka shi.