HDMI ARC ko wayar optikal: wacce za a haɗa talabijin da risiba?

Ɗan'uwa da ka yi tambaya jiya: ka ce kana da talabijin, dikodar DStv da PlayStation, ga risiba (na'urar da ke karɓar sauti ta rarraba wa sifikoki) mai sifika biyar da sabwufa, amma ka rasa wayar da za ka saya. To, ga yadda abin yake.

Optikal tsohuwar hannu ce, Toshiba ta fito da ita tun 1983. Haske take ɗauka, ba lantarki ba, shi ya sa in ka leƙa bakinta za ka ga ɗan jan haske. Tana kai tsarin sauti na Dolby Digital da DTS har 5.1, wato sifika biyar da sabwufa ɗaya, iyakarta ke nan. Tsarin sauti mafi inganci irin Dolby Atmos ko TrueHD ba sa bi ta cikinta, kuma sauti kaɗai take kaiwa, ba hoto.

ARC kuwa ya shigo da HDMI 1.4 a 2009. Waya ɗaya ce ke kai hoto daga risiba zuwa talabijin, ta kuma dawo da sautin YouTube ko Netflix na cikin talabijin zuwa sifikoki. Abin da ya fi burge ni shi ne rimot ɗaya ya ishe ka ƙara murya, muddin ka kunna CEC, saitin da ke barin na'urorin da aka haɗa da HDMI su sarrafa juna. Samsung na kiransa Anynet+, LG kuma SimpLink, Sony Bravia Sync. Mutane da yawa a nan suke makalewa, su yi ta zagin waya alhali saitin ne a kashe. In talabijin da risibarka duka suna da eARC, ingantaccen ARC wanda ya zo da HDMI 2.1 a 2017, har Atmos cikakke zai wuce.

Ni dai ARC nake ba ka shawara. Dikoda da PlayStation su shiga ramukan HDMI IN na risiba, sannan waya ɗaya daga HDMI OUT zuwa ramin talabijin da aka rubuta ARC a jikinsa. Ramin nan kaɗai ke yi, sauran ba sa dawo da sauti.

Amma kada ka raina optikal. Tunda ba lantarki a cikinta, ba ta kawo gurnanin nan da ake ji a sifika, kuma in wuta ta dawo da ƙarfi ba ta da hanyar ƙona maka rami. In risibar tsohuwa ce ba ARC, optikal za ka saya. Ka dai cire 'yan murafun robar da ke bakinta, kuma kada ka lanƙwasa ta sosai.