Baseball Savant: Shafin da Nake Dubawa Kafin In Yi Cinikin Manyan Masu Bugu a Tsakiyar Kaka

A Kano idan aka ambaci gasar fantasi, hankalin kowa kan tafi ne ga Firimiyar Ingila, amma mu goma sha biyu, tsakanin Zoo Road da Gwale da Tarauni, mun shafe shekaru muna yin tamu a kan besbol na Amurka, wato gasar MLB mai ƙungiyoyi 30. Ba ma zuba ko sisi, domin ba caca muka taru yi ba. Da zarar watan Yuli ya kama aka tafi hutun All-Star, wato ɗan hutun da ake yi don wasan zaɓaɓɓun taurarin gasar, sai kasuwar musayar 'yan wasa ta buɗe a tsakaninmu, kuma a wannan lokacin ne nake jingina da Baseball Savant, shafin ƙididdiga na kyauta wanda MLB take gudanarwa.

Tsarinmu yana auna masu bugu da abubuwa biyar: yawan hom-ron (bugun da ke ba mai bugu damar zagaye duk zangunan fili ya dawo gida a tashi ɗaya), yawan shiga gida (kammala zagayen, wanda shi ne cin maki), yawan shigo da abokan wasa gida, satar zango (rugawa zuwa zango na gaba ba tare da jiran bugu ba), da matsakaicin bugu (kason bugun da ya yi nasara cikin damar da ya samu). Waɗannan alƙaluma kowace manhajar fantasi tana nuna su, sai dai labarin abin da ya wuce suke bayarwa, alhali mai ciniki abin da ke tafe yake saye. Akwai kuma wani abu da sababbin shiga ke mantawa, wato hutun All-Star ba ya faɗowa daidai tsakiya. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162, kuma kafin hutun an riga an ci sama da 90, don haka wanda ya biya farashin rabin kaka ya sayi abin da bai kai rabi ba.

Inda Savant ya yi zarra shi ne nuna yadda sanda ke haɗuwa da ƙwallo. Tun 2015 na'urorin Statcast suke aiki a duk filayen gasar, suna auna gudun ƙwallo lokacin da ta bar sanda da kusurwar tashinta. Bugun da ya kai gudun mil 95 a awa ana lissafa shi mai ƙarfi, wanda ya kai mil 98 kuma ya tashi tsakanin digiri 26 zuwa 30 ana kiransa barel, shi ne mafi tsada a idon duk wanda ya san harkar. Daga nan shafin yake fitar da xBA da xwOBA, wato abin da ya kamata ɗan wasa ya samu bisa ingancin bugunsa, ko da ƙwallon ta faɗa hannun masu tsaro. Idan na ga babban mai bugu yana fama da ƙarancin maki amma waɗannan ma'aunai suna sama, nakan nemi mai shi tun kafin ya farga. Idan kuwa alƙaluman fili sun yi wa na Statcast nisa, nakan fara tunanin rabuwa da shi tun kasuwarsa tana ci. Shafin kowane ɗan wasa yana buɗewa da layuka masu launi, ja ga inda ya fi tsararsa, shuɗi ga inda suka fi shi, ta yadda kallo ɗaya a waya ya isa mutum ya gane wanda yake hulɗa da shi.

Darasin da ya fi zama mini a rai na Aaron Judge ne na New York Yankees. A 2024 ya ƙare watan Afrilu da matsakaicin .207, har wasu a cikinmu suka fara cewa ƙarfinsa ya ƙare, amma ya rufe kakar da hom-ron 58 da matsakaicin .322. Mutumin da ya buga 62 a 2022 ba wata ɗaya ne zai rage masa daraja ba, kuma tun daga lokacin na daina sauraron duk tayin da aka gina a kan 'yan makonni. Na Cal Raleigh na Seattle Mariners ya fi wuyar yanke hukunci. A 2025 ya isa hutun da hom-ron 38, masu cewa a sayar da shi suna da hujjarsu tunda irin wannan gudu ba ya ɗorewa, kuma lallai 22 ya ƙara bayan hutu ya kammala da 60. Amma Raleigh mai cafe ƙwallo ne a bayan mai bugu, gurbin da ba a cika samun masu ƙarfi a cikinsa ba, don haka ko da matsakaicinsa na .247, samun madadinsa ya fi samun madadin fitaccen ɗan bayan fili wuya.

A nan ne iyakar shafin take bayyana. Ba don fantasi aka gina shi ba, saboda haka ba zai gaya maka farashin ɗan wasa a gasarku ba, ba zai kuma lissafa maka ƙarancin gurbi ba. Shiga gida da shigo da abokai sun dogara ne da matsayin mutum a jerin masu bugu da ƙarfin waɗanda ke kewaye da shi. Satar zango ma haka take: shafin yana nuna gudun ƙafa, inda ƙafa 27 a daƙiƙa take matsakaici, 30 kuma ta zaƙaƙurai, amma niyyar sata da izinin koci ba a auna su da na'ura. Tun da aka faɗaɗa zangunan daga inci 15 zuwa 18 a 2023 sata ta yawaita, har Ronald Acuña Jr. ya haɗa hom-ron 41 da sata 73 a wannan shekarar, Shohei Ohtani kuma ya haɗa 54 da 59 a 2024. Irin waɗannan masu cika buhu biyu a lokaci guda ba na sakin su sai a kan 'yan wasa biyu na gaske. Rauni kuwa babu jadawalin da ke hango shi, domin Acuña ɗin nan jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Mayun 2024, kakarsa ta ƙare nan take.

Ga mai amfani da shi daga Kano, komai da Turanci yake, awon kuma da mil da ƙafa, shafukan bidiyo suna cin data, don haka nakan tsaya kan teburan alƙaluma kawai. Wasan ƙarfe bakwai na yamma a New York sha biyun dare ne a nan, na Los Angeles kuma ukun dare, shi ya sa mafi yawan 'yan wasana ban taɓa kallon su kai tsaye ba, sai bayan sallar asuba nake buɗe shafin in ga yadda suka kwana. Ina ba duk ɗan gasa shawarar ya riƙe shi, ya haɗa shi da jerin masu rauni da jerin masu bugu na kowace rana kafin ya amsa wani tayi.