Hattara da masu tallar "sulallan Zulƙarnaini"

Jama'a, akwai wani mai talla a Facebook da WhatsApp da ke nuna tsofaffin sulallan azurfa masu kan mutum da ƙahon rago, yana cewa kuɗin Zulƙarnaini ne da aka tono a Misira. Ƙanen matata ya faɗa hannunsa, ya tura kuɗin sulalla biyu, a cewarsa zai ajiye su kadara.

Da ya kawo mini na ce mu je wurin maƙerin azurfa. Kafin ma a ɗora a sikeli, tsohon ya shafa gefen da farce ya yi murmushi. Akwai siririn layi zagaye da bakin sulen, inda aka haɗa marfin zubi biyu, ga ƙananan ramuka a kumatun hoton kamar zanzana. Mutanen zamanin da ba zubi suke yi wa irin waɗannan ba. Gutsuren azurfa ake sakawa tsakanin hatimi biyu a maka masa guduma, shi ya sa da wuya ka ga biyu sun fito daidai wa daida. Na surukina kuwa kamar an tsaga kara, har ƙwarzanen da ke kan ɗaya yana kan ɗayan. Na gaske nauyinsa wajen giram 17 ne, waɗannan ko 12 ba su kai ba.

Labarin ma bai zauna ba. Hoton na Iskandar ne, sarkin Makidoniya da ya rasu a Babila a 323 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma ba shi ya buga ba. Wani kwamandansa ne, Lisimakus, ya fitar da su bayan mutuwarsa, kuma sunan Lisimakus ɗin ne rubuce a baya da harafin Girka, kusa da gunkiyarsu Atina a zaune. Ƙahon kuwa alamar Amun ce, wani gunkin Misirawan da. Batun ko Iskandar shi ne Zulƙarnainin Alƙur'ani, malamai sun daɗe da saɓani a kai, balle ɗan talla.

Kada takardar shaida ta ruɗe ku. Sulen zinariyar Burutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe shugaban Rum Juliyas Kaisar, wanda aka buga don tunawa da kisan, an yi gwanjonsa a Landan a 2020 kan sama da fam miliyan 3, daga baya aka gano takardun asalinsa ƙirƙira su aka yi, aka mayar wa Girka a 2023.

Mun kira mutumin tun shekaranjiya, lambar a kashe. Shafin yana nan, suna kawai ya canza, hotunan su ne dai.