Gargaɗi: mai tallan yawon kayak a tekun Legas ya cinye mana naira 425,000

Jama'a, kwana tara ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Yau dai zan faɗa, wanda zai yi dariya ya yi. Naira 425,000 wani mara tsoron Allah ya wanke ni, kuma ba duka ba ne kuɗina, abin da ya fi ci min rai ke nan. Dubu ɗari huɗu da ashirin da biyar. Ni da nake zaune a Kantin Kwari shekara goma sha ɗaya, ni da yaran layinmu suke kawo wa waya in duba musu ko alat na bogi ne.

Ƙarfe shida da rabi na safe muna tsaye a bakin ruwa ƙarƙashin gadar Falomo, mu huɗu, da gajerun wanduna da silifas, kowa ya ƙulle wayarsa a leda kamar yadda aka umarce mu. Tun asuba muka baro Agege. Na kira lambar, a kashe. Na sake kira, a kashe. Ƙanin matata ya ce, "Yaya, ko caji ne ya ƙare masa?" Na ce caji ne mana. Wallahi a lokacin gabana ya riga ya faɗi, amma bakina ya ce caji ne.

Bari in koma baya. A Instagram na ga shafin, mabiya sun haura dubu ashirin, bidiyo iri-iri na mutane cikin kayak, wato ɗan siririn kwale-kwalen nan na roba mai cin mutum ɗaya ko biyu, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu. An rubuta wai tsari na musamman ga 'yan Arewa, kwana biyu, masauki, abinci na halal, da yawo a teku tare da jagora zuwa Tarkwa Bay, wani wurin shaƙatawa a bakin tekun Legas. Ni kuwa tun ina yaro ruwan da na sani bai wuce na Tiga ba, shi ma daga gefe nake kallonsa. Na yi wa mai shafin magana, ya ce mu koma WhatsApp. Da Hausa ya amsa min, Hausa tsantsa, har da "Alhaji ya kasuwa, ya iyali".

Kada wani ya ce ban yi tambaya ba. Na yi. Kwana uku ina yi masa tambayoyi kamar ɗan sanda. Na ce masa babu wanda ya iya iyo a cikinmu sai mutum ɗaya. Sai ya turo saƙon murya na minti huɗu, kuma wannan saƙon shi ne ya kashe ni. Na saurare shi ya fi sau talatin daga ranar zuwa yau. Ya ce, "Alhaji, ko kai kifi ne ba za ka taɓa ruwa ba sai da rigar kariya a jikinka, kuma ni zan ɗaure maka ita da hannuna." Ya ce kafin a shiga akwai darasi a kan yashi, a koya mana riƙon filafili, yadda ake juyawa, yadda ake tsayawa, da abin da mutum zai yi idan kayak ya kife. Ya ce sababbi bibbiyu ake sa su, a irin wanda ake zama a samansa, don ko ya kife ba abin da zai riƙe ƙafarka. Ya ce da sassafe ake fita saboda iska tana tashi da rana ta ɗaga, kuma ruwan teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini, jagora ne yake lissafin wannan. Har ya ce kada in yi tuƙi da ƙarfin hannu kawai, in riƙa juya ƙugu, in ba haka ba kafaɗa za ta yi tsami kafin awa ɗaya.

Sannan ya faɗi maganar da ta sa na buɗe manhajar banki. Ya ce, "Idan muka tashi muka ga iska ta yi yawa, za mu fasa, in mayar muku da kuɗinku. Kuɗi ba su kai rai ba, Alhaji." To ku gaya min, wane ɓarawo ne yake cewa zai fasa? Ni a sanina ɗan damfara gaggawa yake sa ka. Wannan kuwa ja da baya yake yi, ni nake bin sa. Da na gaya masa Hajiyarmu ta ce ba ta yarda ba, tun hatsarin jirgin ruwan Bagwai na ƙarshen 2021 da yaran Islamiyya suka rasu ba ta son jin zancen ruwa, sai ya yi salati, ya yi wa mamatan addu'a, ya ce lodin da ya wuce ƙima da rashin rigar kariya ne suke jawo irin wannan. Da gawar yaran mutane ya yi min talla. Allah ya isa.

Na tura 320,000, wato dubu tamanin-tamanin mu huɗu. Tawa, ta ƙanin matata, da ta abokaina biyu da na shawo kansu da bakina, ɗaya ma sai da na je har shagonsa a Farm Centre na kunna masa saƙon muryar. Sunan da ya fito a asusun ba sunan shafin ba ne, sunan mace ne, a ɗaya daga bankunan nan na waya. Na gani. Ba zan yi ƙarya ba, na gani, na tambaya, ya ce akawunsu ce. Mu ma a kasuwa sau nawa ake tura kuɗi asusun yaron shago? Shi ya sa ban ɗauke shi komai ba.

Bayan kwana biyu, a'a, ina jin washegari ne, don ranar Juma'a ce na dawo daga masallaci, ya ce 60,000 na rigunan kariya da inshora, dubu goma sha biyar kowa. Na tura daga aljihuna, na ce sai mun haɗu ma yi lissafi. Na ukun kuma muna cikin mota ne, mun wuce Zariya, ya ce mai jirgin injin da zai raka mu ya ƙara kuɗin mai, 45,000. Na tura. 320,000 da 60,000 da 45,000. Ku haɗa. Ban sa kuɗin motar zuwa da dawowa a ciki ba, ban sa man shafawa na rana da hulunan da ya ce mu saya ba. Masaukin ma a daren da muka isa ya ce wai an samu matsalar ɗaki, mu kwana wurin 'yan uwa, gobe zai gyara. A nan ya kamata in farka. Ban farka ba, saboda har lokacin yana ɗaga waya, har ya tuna min kada mu ci abinci mai nauyi da safe, kada mu sa wandon jins don yana shan ruwa ya yi nauyi.

Muna nan tsaye a Falomo har ƙarfe tara. Wani bawan Allah da ke fitar da nasa kayak ɗin ya ga mun yi cirko-cirko, ya tambaye mu. Na nuna masa shafin. Ya yi shiru, ya ce wannan bidiyon na wani abokin aikinsa ne, an ɗauke an goge sunan. Na kunna masa saƙon muryar ina fassara masa. Abin da ya ce shi ne ya ƙarasa ni: duk abin da mutumin ya faɗa a kan tuƙi gaskiya ne. Darasin kan yashi gaskiya, fitar safe gaskiya, zaman bibbiyu gaskiya. Abu biyu kawai ya girgiza wa kai. Ya ce rigar kariya tana cikin kuɗin yawo, shi bai taɓa karɓar kuɗinta daban ba. Kuma ya ce shi ba zai ɗauki mutanen da ba su taɓa riƙe filafili ba ya nufi Tarkwa Bay da su a ranar farko, ga manyan jiragen dakon kaya da ke shiga Apapa ta mashigar nan. Sababbi a ruwa mai kwanciya ake fara su, kusa da gaɓa, awa ɗaya zuwa biyu, su fito a jiƙe. Tarkwa kuwa mutane jirgin inji suke hawa su je.

Ya ce mu zo ya ɗan zagaya da mu a farashi mai sauƙi. Babu wanda ya amsa. Abokina na Farm Centre ko kallona bai yi ba har muka dawo Kano. Sakiyar da ba ruwa, a bakin ruwa.

Wasu za su ce kwaɗayi ne. Wane kwaɗayi? Ba ribar kuɗi aka yi min alkawari ba, ba ninki ba, hutu kawai na so in yi kamar kowa. Kuma na bincika, na karanta abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin hotunansa, duk yabo. Yanzu ne na lura yawancin masu yabon ba su da hoto ko ɗaya a shafukansu. Yanzu. Shafin ya canza suna sau biyu tun da muka dawo, jiya na ga yana tallan Zanzibar, da bidiyon wani ruwa kore shar.

Ina da komai: rasit uku na turawa, hotunan hirarmu, saƙon muryar, tsohon sunan shafin da sabo. Na kai ƙorafi banki, na kai wa hukuma, sun ce kada in saki lambar asusun tukuna. Hotunan hirar zan sa su yau bayan isha'i, in na rufe sunayen abokaina.

Kada ku tura wa kowa cikakken kuɗi kafin ku ga kayak da idonku. Ku ce ya kira ku ta bidiyo yana tsaye kusa da kayan aikinsa. Sunan asusu ya saɓa, ku tsaya.

Na riga na mayar wa mutum biyu dubu tamanin-tamanin ɗinsu daga jarin shago, saura ƙanin matata, shi ya ce in bar shi, wanda hakan ya fi zagi ciwo. Hajiya har yau ba ta san mun je ba, ta ɗauka sarin kaya na tafi. Kuma jiya da daddare na sake kunna saƙon nan, "kuɗi ba su kai rai ba, Alhaji", ina neman inda muryarsa ta yi rawa ko sau ɗaya. Ban samu ba. 425,000.