Wata biyu a ajin Turanci na yamma: abin da kuɗina suka saya mini

Ni mai kula da sito ne a wani kamfanin rarraba kaya a Bompai, Kano. Duk Juma'a ina rubuta rahoto da Turanci, duk Litinin ya dawo mini jina-jina da jan biro. Rannan na rubuta "the cartons were delivering yesterday", oga ya kira ni ya ce, "Malam, katan-katan ɗin ne suka tuƙo motar?" Kunyar ranar ce ta kai ni wani ajin Turanci na yamma a Gyaɗi-Gyaɗi, kwana uku a mako, daga bayan La'asar zuwa Magariba.

Abin da na je nema shi ne fasif, wato jimlar da ake sa abin da aka yi wa aiki a gaba, a bar mai aikin a baya ko a ɓoye shi ɗungurungum. Malamin bai fara da Turanci ba. Allo ya raba biyu, ya rubuta "ana gyara mota, an gyara mota, za a gyara mota", ya ce tun muna goye muke jin fasif, sunansa ne kawai ba mu sani ba. Sannan ya jera a gefe: is being repaired, has been repaired, will be repaired. Ya nuna mana cewa repaired ba ya motsi, kalmar be ce ke sauya riga gwargwadon lokaci, ta koma is ko being ko been. Shekara shida na yi a sakandare, na ci WAEC da ƙyar, ban taɓa jin an faɗa mini haka ba. Cikin lokutan Turanci 12, guda 8 ya koyar, ya ce sauran huɗun, irin su has been being repaired, Turawan ma gudunsu suke yi. Na gode masa da wannan ragi.

Sai dai dabarar tana da rami, kuma ni na fara faɗawa. A Hausa muna cewa "an zo", "an tafi", "an yi ruwa". Ni kuwa da na samu sabon makami sai na shiga sara ko'ina, har na rubuta "the accident was happened". Ashe aikatau irin su happen da arrive da die ba sa karɓar fasif, don babu wanda aka yi wa aikin. Malamin bai gargaɗe mu ba sai a mako na biyar, bayan rabin aji sun saba da kuskuren. Wannan kam sakaci ne.

Aikatau masu taurin kai, wato waɗanda ba sa ɗaukar -ed kamar repaired, su write da written, take da taken, takarda ɗaya ya raba mana ya ce mu haddace a gida. Ajin ma ya cika da yawa, ga 'yan JAMB da surutu a baya, aikin gida kuma sai ya kwana bakwai ba a duba ba.

Ga mai rubuta rahoto a ofis ko asibiti, ajin ya ci kuɗinsa, amma ya je da wuri ya kama kujerar gaba. Rahotona na makon jiya ya dawo da ja guda ɗaya tak: na sa being inda been ya kamata.